Sujada, ibada da hikima: amsar wasiƙun masu karatu

Wata malamar makaranta da ke zaune a Sabon Gari, a nan Kano, ta rubuto mini cewa tun tana yarinya take jin ana cewa "za mu tafi sujada" ranar Lahadi, amma kwanan baya faston majami'arsu ya yi wa'azi ya ce girkin da mace take yi wa iyalinta ibada ne, kuma abin bai zauna mata ba. Tana tambaya ko sujada da ibada abu ɗaya ne, in kuwa ba haka ba ne, ina suka rabu.

Malama, kalmomin biyu duk aro ne daga Larabci, amma ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Sujada a asalinta aikin jiki ce, wato mutum ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa a gaban wanda ya fi shi, kuma a bakin Musulmi har yau ma'anarta ke nan, rukuni ɗaya a cikin salla. Kiristocin da ke magana da Hausa ne suka faɗaɗa ta, har ta ɗauki dukan abin da ake yi a taron Lahadi: waƙoƙi, addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, wa'azi da baiko, ko da kuwa ba wanda ya kai goshinsa ƙasa daga farkon taron har ƙarshensa. Ban ɗauki wannan a matsayin kuskure ba, domin harshe yakan ɗauki sunan ɓangare ya ba wa dukan abu, kamar yadda muke cewa mun ci tuwo alhali da miya muka ci shi.

Ibada kuwa tushenta ɗaya ne da kalmar Larabci mai nufin bawa, wadda muke ji a farkon sunaye irin su Abdullahi. Saboda haka fassararta ta kai tsaye a Hausa ita ce bauta. To, bawa ba ya zama bawa na sa'a biyu a mako. Yana shara yana bauta, yana ɗebo ruwa yana bauta, an aike shi kasuwa yana bauta. Kalmar Ubangiji kanta tana tabbatar da wannan, domin uba ne aka haɗa da giji, tsohuwar sigar gida, wato dai ubangida, wanda bawa ko bara yake yi wa aiki. A Ibrananci ma, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, kalma guda ce take ɗaukar ma'anar aikin hannu da ta bautar Allah. Idan aka duba wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa 3:23, inda ya umarci masu bi su yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji suke yi wa, za a ga cewa fastonku a kan turbar harshe yake tafiya. Sujada tana da lokaci da wuri, ibada kuwa tana bin mutum har madafa. Abin da kawai zan ƙara shi ne, ba kowane girki ne ibada ba, sai wanda aka yi da niyyar bauta, kuma wannan sharaɗi na niyya maƙwabtanki Musulmi ma sun san shi sarai.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ce, wanda ya ce ya karanta a Littafi Mai Tsarki, cikin littafin Karin Magana 9:10, cewa tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, ya kuma tambaya yadda tsoro zai haifi hikima, tunda matsoraci ba ya ko iya tunani. Ɗana, Bahaushe ya riga ya raba maka gardama da ya ce, "Tsoro na daji, kunya na gida." Tsoron daji shi ne na kura da ɗan fashi, wanda ke sa mutum ya zubar da kayansa ya ruga. Na gida kuwa shi ne nauyin da kake ji a gaban mahaifinka, wanda ke sa ka cire takalmi ka rage murya, amma ba ya korar ka daga gidan. Idan aka ce wane mai tsoron Allah ne, ba wanda yake nufin yana rawar jiki. Ana nufin za a iya ba shi ajiya a yi tafiya. Wannan ne tsoron da ayar take nufi.

Bari in ratse kaɗan a kan sunan littafin. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta farko a Hausa, wadda wani ɗan mishan, Dokta Walter Miller, ya yi wa aiki tuƙuru, ta fito a 1932, kuma a cikinta Misalai aka kira shi. Fassarar da ta biyo baya bayan kusan shekara hamsin ita ta ce Karin Magana, kuma a ganina ta fi dacewa, domin misali kwatance ne kawai, karin magana kuwa zance ne da aka naɗe shi don mai hankali ya warware.

Ta uku ta zo daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, kuma ita ta fi ba ni aiki. Ya ce abokan sana'arsa suna kiransa marar wayo domin ba ya rage mudu, shi kuma yana so ya san bambancin wayo da hikima.

Malam, sun faɗi gaskiya ba da saninsu ba, domin wayo da hikima ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. A tatsuniyoyinmu Gizo ne mai wayo, kuma kowa ya san cewa wayonsa a cikinsa yake ƙarewa. Shi ya sa ake cewa, "Wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya": wanda ya kore shi ba tausayin karen ya ji ba, ɗinyar yake so. Littafin Farawa ma a sura ta 3 da wayo ya siffanta maciji. Hikima kuwa tushenta ɗaya ne da hukunci, hukuma da hakimi, wato iya rarrabe daidai da ba daidai ba, da ajiye kowane abu a muhallinsa. Kuma ba ta masu dogon karatu kaɗai ba ce, domin a Littafin Fitowa sura ta 31 an ce Allah ya cika wani mutum mai suna Bezalel da hikima don ya iya aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙa. A wannan ma'ana marinin Ƙofar Mata da ya san lokacin da baba ya nuna a cikin karofi yana da rabonsa na hikima, haka ma dukawan da ke kewayen kasuwar Kurmi.

Sai dai kada in zalunci kalmar wayo, domin tana da fuska mai kyau. Idan muka ce yaro ya yi wayo, muna nufin ya fara sanin duniya, kuma a Matiyu 10:16 Yesu ya gaya wa almajiransa su zama masu lura irin ta maciji, amma a cikin numfashi ɗaya ya haɗa musu da rashin cutarwa irin na kurciya. Saboda haka ɗan kasuwar da ya san lokacin da farashin gero ke sauka bayan kaka, ya saya ya adana, bai yi laifi ba. Inda abin yake ɓaci shi ne a bugi gindin mudu don ya rage ci, ko a shimfiɗa hatsi mai kyau a bakin buhu a ɓoye mai ƙwari da tsakuwa a ƙasa. Wannan yana da sunansa na kansa a Hausa, algus, kuma Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin ha'inci abin ƙyama ga Ubangiji. Idan abokanka suka sake cewa ba ka da wayo, ka tambaye su ko wayo suke nufi ko algus, sa'an nan ka ga wanda zai yarda ya amsa a gaban mai saye.