Gwamnati ta sa ido, ko ta kankane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da gero da wake a Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato. Da hatsi ya tashi sai ka ji ana kiran gwamnati ta shigo. Wasu na cewa ta yanke farashi, wasu na cewa ta dai sa ido. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ɗaya ba ne ko kusa.

In jami'i ya zo ya duba mudunka ya ga ba a bubbuge gindinsa ba, ya buɗe buhun wake ya tabbatar ba a ambaza masa maganin ƙwari mai cutarwa ba, ya tafi ya bar ka da cinikinka, wannan sa ido ne. Ƙa'idar a rubuce take, ta hau kan kowa, in an zalunce ka ga kotu nan. Duba lafiyar abinci irin wannan na cikin aikin da aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, dominsa a 1993. In kuwa ya ce ga kuɗin da za ka sayar da mudu, ga wanda za ka sayar wa, to ya kankane, ka zama yaron shago a rumfarka.

Mun ɗanɗana wannan a 1984, da sojoji suka riƙa tilasta wa 'yan kasuwa karya farashi. Kaya suka ɓuya, aka koma bin layin madara da sabulu. Dubi waya kuma. Zamanin da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ke riƙe da komai, layukan ƙasar nan kaf ba su kai rabin miliyan ba. A 2001 aka ba kamfanoni lasisi, aka bar hukumar sadarwa ta NCC da sa ido. Yau manomin albasa a Goronyo yana jin farashin Legas kafin ya loda mota.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa, ya ji danshi, ya tsawata wa mai algus. Amma da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙe shi ya yanke farashi, bai yanke ba. Wasu malamai sun halatta yankewa idan 'yan kasuwa suka haɗa baki suka ɓoye abinci, kuma wallahi masu wannan hali suna nan cikinmu.

Don haka Alhaji, a taron ƙungiyarku ku nemi mudu ɗaya ga kowa, a hukunta mai ɓoye hatsi, a samar da tsaro a hanyar Isa da Sabon Birni manoma su samu fito da amfaninsu.