Amsa ga ƙaninmu na Daura mai son hawa Mambila da keke

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana yin Daura zuwa Katsina ka koma a yini guda, kuma kana so idan sanyi ya shigo ka hau tsaunin Mambila na jihar Taraba da kekenka, don ka ji ana cewa hanyoyin can shiru suke, babu yawan motoci. Kana tambaya ko ƙarfinka ya isa, da kuma abin da ya kamata ka tanada.

Ba na raina ƙarfin nan naka. Wajen kilomita 160 a yini ba wasan yara ba ne, balle in iskar hunturu tana dukan ƙirjinka a hanyar komawa gida. Sai dai mu nan da kilomita muka saba awo, domin ƙasarmu a shimfiɗe take, ɗan tudun da za ka tarar tsakanin Mashi da Daura kafin numfashinka ya canza ka wuce shi. A Mambila awon daban ne, abin da za ka riƙa tambaya shi ne mita nawa za ka hau sama. Birnin Katsina yana kan tudun da bai fi mita 500 da ɗoriya ba daga bakin teku, shi kuwa saman Mambila tsaka-tsakinsa wajen mita 1,600 ne. Kuma hawan ba a rarrabe yake ba, yawancinsa a dunƙule yake wuri guda, daga Mayo Selbe a gindin tsaunin zuwa Maisamari a samansa, inda za ka ɗaga kanka da kekenka da kayanka sama da mita 1,000 a hanya mai lanƙwasa bayan lanƙwasa. Mutum mai lafiya da kaya a kariya, idan ya hau mita 300 zuwa 400 cikin awa guda ya yi ƙoƙari. Yi lissafin da kanka, ka ƙara lokacin hutu da na salla, za ka ga wannan ɗan yankin kaɗai aikin yini ne.

Saboda haka maganar farko giya ce. Ka duƙa ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. Abin da kake nema shi ne na gaba ya zama 22 ko 24, na baya 32 ko 34, wato na baya ya fi na gaba yawa. Kekunan tsere da samarinmu suke saye a gwanjo, masu siririyar taya, giyarsu ta gudu ce, a hawan nan gwiwa suke ci. Raleigh da Phoenix na iyayenmu kuwa Allah ya saka musu da alheri, sun kai hatsi kasuwa shekara da shekaru, amma giya ɗaya gare su, kuma birkinsu na sanda bai dace da hanyar dutse ba. Ka samu keken hawan dutse mai faɗin taya, ko tsoho ne, in dai sarƙarsa da birkinsa lafiya lau. A giya mafi laushi za ka ga kana tafiyar kilomita 5 ko 6 a awa, har mai tafiya a ƙasa ya jera da kai yana yi maka sannu. Kada kunya ta sa ka ƙara giya. Ni a wurin da direbobi ke kira Biyu da Sisi na bi bayan wata gingimari da ta ɗauko buhunan siminti, tana kuka tana hayaƙi, yaron motar yana biye da ita a ƙasa rungume da guntun katako, duk inda ta tsaya numfasawa sai ya cusa shi ƙarƙashin tayar baya. Tafiyarmu ɗaya da ita, kuma babu wanda ya yi mata dariya.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ɗan ƙasarmu shi ne gangara. Hawa gajiya kawai zai ba ka, in ya yi tsanani ka sauka ka tura. Gangara kuwa ba mu san ta ba sam. Idan ka damƙe birki ka riƙe shi tun daga sama, robar tana gugar gare-garen taya ba hutawa, ƙarfen ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora yatsa a kansa. Zafin nan yana sassauta tsohon faci, yana iya fasa tub ɗin gaba ɗaya, kuma tayar gaba ta fashe a kwana da rami a gefe ba abin fata ba ne. Mai birkin faifai ma bai tsira ba, in ya yi zafi kamunsa raguwa yake. Yadda ake yi shi ne ka matsa da ƙarfi ka rage gudu sosai kafin ka shiga kwana, ka saki, ka sake matsawa, hannu biyu tare, kana ja da jikinka baya a kan sirdi. Lokaci-lokaci ka tsaya ka taɓa gare-garen, in da zafi ka zauna ka ci dabino ya huce. Ka sa sabon tub gaba da baya kafin ka bar gida, sababbin robobin birki, da wasu a jaka, da wayar birki ɗaya. Hular kwano dole ce. Kuma ka riƙe hannunka na dama a kowace kwana, domin masu babur na can sun haddace hanyar, sukan kashe inji su gangaro ba ka jin ƙararsu.

Lokacin da ka zaɓa ya yi. Daminar can doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba ana ruwa, hanyoyin ƙauye su zama jan taɓo mai santsi, wani lokaci ƙasa ta zaftaro kan kwalta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take. Sai sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga shi ka iso sama jiƙe da gumi, iska ta same ka. Ka ajiye busasshiyar riga da rigar sanyi a saman jaka inda hannu zai kai da sauri, da safar hannu saboda gangarar safe. A garin Nguroje da ke saman tsaunin, da asuba na ga mai shayi ya rufe kansa da bargo har ka, hazo ya rufe tsallaken titi, kowa ya tallabe kofinsa da hannu biyu yana ɗumama yatsu kafin ya kurɓa. Gonar shayi ta Kakara tana nan kusa, ka ware rabin yini ka je ka ga yadda ganyen da muke dafawa yake a gona.

Yanzu maganar shirun hanya. Kai ɗan jihar Katsina ne, ba sai na gaya maka cewa hanya takan yi shiru don dalili biyu ba. Mun ga yadda wasu hanyoyinmu na yamma, wajen dajin Rugu, suka koma. Mambila ma ta ga rikici tsakanin makiyaya da manoma a 2017, kuma hanyar Bali zuwa Serti, kafin a kai tsaunin, tana ratsa daji mai tsawo. Shawarata ka ɗora keken a mota daga nan zuwa Kano, ka bi ta Gombe zuwa Jalingo, ka sake mota zuwa Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, daga nan ka fara taka feda. Kowace safiya ka je tasha ka tambayi direbobin da suka kwana a hanya, labarin jiya-jiya yana bakinsu. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama biyu ko uku, kuma la'asar ta same ku a garin da za ku kwana. In ƙauye ne ku fara da gidan jauro, wato mai gari, ko liman, ku faɗi daga inda kuke da inda za ku. Hausa za ta yi maka aiki a kasuwa da tasha, amma Fulatanci ne ya fi yawo a tsaunin, ka koyi gaisuwa ko kaɗan ce. Ka riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu, yankin bakin iyakar Kamaru ne, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, kuma akwai shingayen jami'an tsaro da za su so sanin abin da ya kawo Badauri nan da keke.

Kada ka ɗauka in ka kai Maisamari aiki ya ƙare. Saman ba shimfiɗe yake ba, tuddai ne masu ciyawa da shanu, ka gangara ka hau, ka gangara ka hau, har Gembu, babban garin tsaunin. Wanda ya saba kilomita 160 a gida ya tsara 40 zuwa 50 a can. Dutsen Chappal Waddi kuwa, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsawo a Najeriya, na masu tafiya a ƙasa ne da ɗan jagora, ka cire shi daga lissafin keke.

Guzuri kada ka cika: dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, ƙullin gishiri da suga na kemis, gorar ruwa uku. Ayaba da fiya za ka samu a can da araha. Kuɗi ka riƙe a hannu, ƙananan takardu, don sabis yakan ɗauke tsakanin garuruwa. Kowane kilo da ka ƙara a kariya kai za ka ɗaga shi.

Kafin lokacin, ka riƙa ɗaura jarkar ruwa mai lita 10 a baya kana fuskantar iska, kana juya feda da sauri a giya mai laushi har ƙafarka ta saba. In ka samu hali ka yi kwana biyu a Jos ka koyi gangara a ƙananan tuddai, ya fi. Ka ɗauko hoton faifan giyarka na gaba da na baya ka turo nan, da irin birkin da ke jikin keken, in duba in gaya maka ko canji yake so ko wani keken za ka nema.