Hannun Roba Mai Jin Taɓi, Da Gaske Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yau shekara uku da injin niƙa ya cinye mini hannun dama, ina amfani da na roba. Damuwata ita ce in ban zuba masa ido ba, ban san me ya riƙe ba. Ranar nan kofin shayi ya suɓuce mini a gaban surukaina. An ce an ƙera hannun da ke jin taɓi. Haka ne? — Mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne.

An ƙera, sai dai jin ba irin wanda ka saba da shi ba ne. Ana sa 'yan ƙananan na'urori masu auna matsi a kan yatsun, sannan a cikin kwandon da dungun ke shiga a manna wani ɗan abu mai girgiza, irin wanda ke cikin wayarka. Yatsa na taɓa kofi, sai fatar damtsenka ta ji zirr. Kamfanin PSYONIC na Amurka wannan dabara ya bi a hannunsa Ability Hand. Kwanakin farko girgizar takan ishi mutum kamar kukan sauro, sai a hankali ƙwaƙwalwa ta koyi cewa zirr ɗin nan na nufin "na kama". Ribar kuwa idonka ya huta, ka iya hira kana riƙe da kofi.

Akwai mataki na gaba. A 2013, a birnin Rum, an dasa wa wani ɗan Denmark, Dennis Aabo Sørensen, siraran wayoyi a jijiyoyin dungun hannunsa, aka haɗa su da hannun roba. Ido a ɗaure, ya bambance abu mai tauri da mai laushi. Gwaji ne, bayan wata guda aka cire.

Ni dai ba zan ce ka sayar da gona ba. Hannun nan mai girgiza tsada gare shi, kullum sai caji, ga gumin bazara da ƙurar hunturu.

In naka mai igiya ne da ke ratsa kafaɗa, to kana da ɗan jin da ba ka lura da shi ba: yadda igiyar ke jan kafaɗarka yana gaya maka ƙarfin riƙon. Ka je sashen gaɓoɓin roba na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano su daidaita maka ita. A gida kuma ka rufe ido ka riƙa gwadawa da soson wanka, sannan dafaffen ƙwai. Ɗanye sai ka ƙware, kada uwargida ta yi kuka da ni.