Amsar kaka: yaushe mai bi yake ajiye aikin shaida?

Maigida,

Saƙonka ya iso, sai da aka ƙara mini girman rubutun waya kafin na iya karanta shi. Ka ce ka ga ɗan littafina mai sunayen mutane, ka kuma lura har yau ina yi wa mutane zancen Yesu, shi ne kake tambaya ko wannan al'ada ta masu bi, ta ba da shaida, tana kan kowa har tsufa, ko kuwa aikin fasto ne da masu bishara. Ka ƙara da cewa kai ba ka kai ba tukuna, ni kuma na wuce. Sannu da rabo! Ka sallami yaro, ka sallami tsohuwa, wa ka bar wa aikin?

Zan fara da inda kake da gaskiya, kada ka ce kakarka ba ta sauraro. Akwai sauka daga aiki a Littafi Mai Tsarki. Duba Littafin Ƙidaya sura 8, daga aya 24. Balawe, wato ɗan kabilar Lawi, yakan shiga hidimar alfarwa ta sujada yana da shekara 25, in ya kai 50 sai ya sauka. Da ma aikin ya haɗa da kwance alfarwa da ɗaukar kayanta a jeji, ba abin da bayan dattijo zai jure ba ne. Amma ka ƙarasa zuwa aya 26: an ce yana iya taya 'yan'uwansa tsaro. Kayan ne aka sauke masa daga kafaɗa, shi yana nan a wurin. Haka nake ji da kaina. Ƙafata ta daina zuwa inda take zuwa dā, bakina kuwa lafiyarsa lau, kai ma shaida ne.

Batun fasto kuma, tarihin ikilisiya tun daga farkonsa bai goyi bayanka ba. Bayan an jajjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce masu bi duka suka warwatse daga Urushalima, ban da manzanni. Ka ji ko? Manzanni suna gida. Waɗanda suka gudu da iyalansu su ne suka yi ta faɗin maganar duk inda suka sauka. A sura 11 wasu mutanen Kubrus da Kurane suka isa Antakiya suka fara yi wa waɗanda ba Yahudawa ba magana, a birnin nan ne kuma aka fara kiran almajirai Kirista. Ko sunan mutanen ba a rubuta ba. Daga hannun irin waɗannan muka gaji al'adar da kake tambaya a kai.

Na san ka san Musa yana da shekara 80 ya tsaya gaban Fir'auna, Kalibu kuma yana da 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron. Waɗannan ana yawan wa'azi da su, ba sai na daɗe a kansu ba. Wadda nake so ka duba ita ce Hannatu, a Luka sura 2. Aya uku kacal aka ba ta. Shekara bakwai ta yi da mijinta ya rasu, ga ta tsohuwa tukuf, Luka ya ambaci shekara 84, ba ta rabuwa da Haikali. Da aka kawo jaririn, ta gode wa Allah, ta kuma yi maganarsa ga duk masu sauraron fansar Urushalima. Na daɗe ina karanta wurin nan kafin na tambayi kaina: ta yaya ta san su? Masu jiran fansa ba su da tambari a goshi. Shekarun da ta yi tana zaune a wurin, tana ganin masu shiga da fita, tana jin kukan wannan da tambayar wancan, su suka sanar da ita wanda zuciyarsa take jira. Ranar da labari ya samu, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Littafina da ka gani, daga Hannatu na koye shi.

Kada ka ɗauka tun fil azal haka nake. Shekarun da na fi sakaci su ne na tsakiya, daga wajen 35 zuwa 50, lokacin da kowa yake yaba mini himma. Ina cikin mawaƙa, ina kwamiti biyu, ba taron da ba a ganina. Wata rana ana addu'a aka ce kowa ya ambaci mutum ɗaya da bai san Ubangiji ba, wanda yake roƙo dominsa. Na buɗe baki, ba suna. Duk wanda na sani da shi nake zama a benci ɗaya. Na cika da hidima har na manta dalilinta. Daren nan na fara rubuta sunaye, kuma da ƙyar na haɗa uku. Saboda haka in kana tsoron wani lokaci na rayuwa, ka ji tsoron wanda ke gabanka, na aure da 'ya'ya da neman abin kai, ya fi tsufa cinye niyyar mutum.

Da na farka sai na yi wani kuskuren. Akwai wata abokiyar aikina da na sa a gaba da gardama, duk abin da ta faɗa ina da aya a kansa. Na ci gardamar sarai. Daga ranar ta daina zama kusa da ni, har muka rabu ba ta sake buɗe mini zuciyarta ba. Magana zarar bunu ce. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma, yana nan a 1 Bitrus 3:15 da abin da ya biyo. Ni rabin farko na haddace. Ka lura ma amsa ya ce, wato an yi tambaya. Filibus da ya riski Bahabashen nan a karusa yana karatun Ishaya, da tambaya ya fara, sai da mutumin ya gayyace shi kafin ya hau. Yanzu in mutum ya ce ba ya so, nakan yi shiru in ci gaba da gaishe shi, in je masa jaje, in je masa murna. Wanda ya ƙi maganata maƙwabcina ne har gobe, zumuncina da shi ba tarko ba ne.

Kai da ka ce ba ka kai ba, shekara nawa yarinyar gidan Na'aman take da su? Baiwa ce da aka kamo a yaƙi, magana ɗaya ta faɗa wa uwargijiyarta game da annabin da ke Samariya, shugaban sojojin Suriya ya warke daga kuturta. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa, ya kuma tuna masa cewa bangaskiyar nan ta fara zama a zuciyar kakarsa Loyis. Ka ga mu kakanni muna cikin Littafi, sai ka rage raini. A 1855 a birnin Boston na Amurka, wani malamin makarantar Lahadi, Edward Kimball, ya je shagon takalma don ya yi wa ɗalibinsa ɗan shekara 18 magana. Tsoro ya sa har ya wuce ƙofar, sannan ya komo ya shiga. Yaron shi ne D. L. Moody, wanda daga baya ya yi wa dubban mutane wa'azi a Amurka da Ingila. Abin da nake so a labarin shi ne wucewar ƙofar nan. Har yau nakan wuce, in komo.

Kowane zamani na rayuwa da ƙofar da yake buɗewa. Kai kana da abokai da za su gaya maka abin da ba za su taɓa gaya wa fasto ba, cikin dare, ta waya. Ni kuma furfura ta ba ni izinin da ba ka da shi: ina iya yin zancen mutuwa ba wanda zai ji haushi, don kowa ya ga na fi shi kusa da ita. A layin ganin likita na fi samun hira yanzu. Bulus ma da aka tsare shi shekara biyu a gidan haya a Roma, masu zuwa wurinsa ya riƙa karɓa, har labarin ya bazu cikin sojojin da ke gadinsa. John Wesley, wani mai wa'azi na Ingila, yana da shekara 87 ya yi wa'azinsa na ƙarshe a fili, a 1790, ya rasu a shekarar da ta biyo. Ban kai shi ba, amma ina da kujera da kunne.

Wasu sunayen a littafina sun fi shekara 20 a wurin, ban ga komai ba. Monika, wata uwa mai bi da ta daɗe tana roƙo domin ɗanta Agustin, ta ga baftismarsa a birnin Milan a shekara ta 387, a shekarar kuma ta rasu. Ni watakila ba zan ga nawa ba. Ba na goge suna sai mai shi ya riga ni tafiya, shi ma ɗin sai dai in ja layi a ƙarƙashi.

Kwanaki ka ce mini mahaifin abokinka ya rasu, kuma ya daina fita. Ka je wurinsa makon nan. Kada ka ɗauki wa'azi ka tafi da shi, ka zauna kawai, in ya yi magana ka saurara, in za ka tashi ka tambaye shi ko ya yarda ka riƙa yi masa addu'a. Abin da ya ce, ka girmama shi. In za ka zo kuma ka sayo mini sabon littafi mai manyan layuka, wannan saura shafi biyu ya cika. Ka sayo biyu.

Kakarka.