Layi ya shiga tebur amma wasu ginshiƙai NULL: ga yadda nake bin sawu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu don in tabbata na fahimce ka. Kana aiki da Spring Boot (tsarin gina manhaja da Java) da Hibernate (mai mayar da kilas ɗin Java zuwa tebur) a kan rumbun bayanan MySQL, kana da kilas ɗin Kwastoma da na Oda, ka kira `save()`, layi ya shiga, `id` ya fito, suna ya zauna daram, amma a teburin kwastoma `lambarWaya` da `ranar_rajista` babu komai, a teburin oda kuma `kwastoma_id` NULL ne, wato fanko, kuma ko kuskure ɗaya bai fito ba. Ka ce ka sake karanta kod ɗin ya fi sau goma. Na yarda da kai, don ni ma na sha yin wannan karatun, kuma bai taɓa fisshe ni ba. Wanda ya rubuta kod, abin da ya yi nufi yake gani a allo, ba abin da yatsunsa suka buga ba.

Saboda haka ka ajiye karatun tukuna, ka je ka ga abin da ake aika wa rumbun bayanan da idonka. Mutane da yawa suna kunna `spring.jpa.show-sql=true` su tsaya a nan, alhali abin da zai nuna maka jimlar INSERT ce cike da alamomin tambaya, ba za ka san me aka zuba a cikinsu ba. Sai ka ƙara layi ɗaya. In Spring Boot 3 kake, wato Hibernate 6, sa `logging.level.org.hibernate.orm.jdbc.bind=TRACE`. In kuma tsohon ne mai Hibernate 5, `logging.level.org.hibernate.type.descriptor.sql.BasicBinder=TRACE`. Na ga wanda ya kwafo na 5 ya liƙa a 6, ya zauna yana jiran log ɗin da ba zai taɓa zuwa ba. Kuma don Allah a kwamfutarka kawai za ka kunna shi, kar ya bi ka zuwa sabar da mutane ke amfani da ita, domin lambobin wayarsu da duk abin da suka cike zai zube a log a fili.

Da ka sake kiran `save()`, ɗayan uku za ka gani. Ko dai sunan ginshiƙin ba ya cikin jimlar INSERT ɗin kwata-kwata, ko yana ciki amma an ɗaura masa null, ko kuma yana ciki da bayaninsa lafiya lau amma a tebur ba ka gan shi ba. Kowanne da inda ɓarawonsa yake kwana, kuma ina zargin kai matsaloli uku ne daban-daban suka haɗu maka suka yi kama da ɗaya.

Bari in fara da `lambarWaya`, don yadda ka rubuta sunan ne ya sa na ɗaga gira. Sauran ginshiƙanka duk da ƙaramin layi (`_`) a tsakiya suke, wannan kaɗai ne a haɗe. Spring Boot, in ba ka canza masa tsari ba, yana mayar da gurbin `lambarWaya` na kilas zuwa ginshiƙin `lambar_waya` a tebur. Abin haushin ma, ko ka sa `@Column` ka rubuta masa sunan `lambarWaya` ƙarara, sai ya sake farfasa shi, domin dokar sauya sunan tana hawa har kan sunan da ka bayar da kanka. To in teburin da hannu aka ƙirƙire shi tun farko, kuma kana da `ddl-auto=update`, saitin da ke ba Hibernate damar gyara tebur da kansa, Hibernate zai duba ya ga babu `lambar_waya`, ya ƙirƙiro sabo shiru, ya bar tsohon a inda yake. Shi `update` yana ƙarawa, amma ba ya gogewa, ba ya sake suna.

Wannan ni ya ci ni kwana biyu cur. Tebur ne mai ginshiƙai da yawa da na gada a wani aiki, allona ba ya ɗauke su duka. Ina ta kallon ginshiƙi na biyar babu komai, ina ta canza kod, har na fara zargin direban MySQL. Rana ta biyu da yamma, hannuna ya goga linzamin kwamfuta bisa kuskure, teburin ya zame zuwa dama, sai ga sabon ginshiƙi can ƙarshe, cike da duk lambobin gwajin da nake ta turawa tun jiya, har da 0000000 da na buga cikin fushi. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Tun ranar ban ƙara barin `update` a aikin gaske ba. `validate` nake sawa, wanda zai hana manhajar tashi in kilas da tebur ba su jitu ba, canjin tebur kuma in bar wa kayan aikin da aka yi don haka, Flyway ko Liquibase. Kai dai buga `DESCRIBE kwastoma;` ka ƙirga ginshiƙan, minti ɗaya ne.

In ba haka ba ne, kuma ka ga an ɗaura wa lambar wayar null, to bayanin ya mutu tun kafin ya iso Hibernate, babu ruwan rumbun bayanai. Tsayar da shirin da dibaga (kayan bin kod layi-layi) a kan layin `save()` ɗin, ka buɗe objek ɗin ka leƙa. Sau da yawa laifin yana wurin karɓar JSON, tsarin rubutun da fuskar manhaja ke turo bayanai da shi. Mai fuskar manhajar ya turo `lambar_waya` ko `phone`, kilas ɗinka na jiran `lambarWaya`, shi kuma Spring Boot ya saita Jackson, mai mayar da JSON zuwa objek, yadda in ya ga sunan da bai sani ba zai watsar da shi bai ce uffan ba. Kana iya mayar da shi mai tsegumi da `spring.jackson.deserialization.fail-on-unknown-properties=true`, ko da na lokacin bincike ne kawai. Akwai ma wani tarko da Lombok, mai ƙera maka `get` da `set` da kansa, ke ɗanawa: in ka rubuta `private boolean isBiya`, abin da zai ƙera maka shi ne `isBiya()` da `setBiya()`, sai Jackson ya ɗauka sunan gurbin `biya` ne. Duk wanda ya turo `isBiya` da true, false za a ajiye, kuma tunda false ba NULL ba ne, sai a daɗe ba a lura ba. Ka kuma duba wurin da kake kwafe bayanai daga DTO (objek ɗin da ke karɓar abin da aka turo) zuwa entiti (kilas ɗin da ke wakiltar tebur). An ƙara sabon gurbi a duka biyun, an manta layin kwafewar. Wannan ya fi a ƙirga.

Ba Java kaɗai ke da wannan halin shirun ba, in akwai mai karantawa da ke wani fannin. A Laravel na PHP, gurbin da ba ya cikin `$fillable` ana zubar da shi ne lokacin `create()`. A Django na Python, `ModelForm` ba ya ajiye abin da ba ka lissafa a `fields` ba. Rails na Ruby ya ɗan fi su kirki, yana rubuta Unpermitted parameter a log, amma shi ma ba ya tsayawa.

Yanzu `ranar_rajista`. Ba ka faɗa ba, amma zan iya rantsewa ka sa masa `DEFAULT CURRENT_TIMESTAMP` a tebur kana jiran MySQL ya cike da kansa. DEFAULT yana aiki ne idan ba a ambaci ginshiƙin a INSERT ba. Hibernate kuwa duk ginshiƙan da ya sani yake jerowa, wanda babu komai a cikinsa ya ɗaura masa null. A wurin rumbun bayanai, an ce masa "sa NULL" ne ƙarara, sai ya bi umarni. Hanyoyin gyara suna da yawa. `@DynamicInsert` a kan kilas zai sa a tsallake guraben da ke null. Ko ka sa `insertable = false` a `@Column` ɗin, sai dai ka sani objek ɗin da ke hannunka ba zai san ranar ba har sai an sake karanto shi. Ni dai na fi son `@CreationTimestamp` ko `@PrePersist`, ranar ta fito daga kod, in gan ta a log kamar kowa. In kuma `@CreatedDate` na Spring ka yi amfani da shi, shi kaɗai ba ya motsi: sai da `@EnableJpaAuditing` a saitin manhaja, da `@EntityListeners` mai ɗauke da `AuditingEntityListener` a kan entitin. Rasa ɗaya, NULL za ka samu, ba gargaɗi.

`kwastoma_id` shi ne wanda na fi tabbata da shi, kusan kowa ya taɓa faɗawa ramin nan. Ina jin a Kwastoma kana da jerin ododi da `@OneToMany` da `mappedBy`, a Oda kuma `@ManyToOne`. Sai ka yi `kwastoma.getOdodi().add(oda)`, ka ajiye kwastoma, `cascade` ya ja odar ta shiga tebur. To ma'anar `mappedBy` ita ce "ba ni ne mai wannan alaƙar ba, a tambayi wancan ɓangaren". Lokacin rubuta mabuɗin alaƙar, Hibernate ba ya ko kallon jerin nan naka. Gurbin `kwastoma` da ke cikin Oda yake dubawa, kuma kai ba ka sa masa komai ba. Sai ka kira `oda.setKwastoma(kwastoma)`. Abin da nake yi don kar in dogara da tunanina shi ne in rubuta ƙaramin aiki ɗaya a Kwastoma, `ƙaraOda` ko duk sunan da ka ga dama, wanda zai sa odar a jeri kuma ya ɗaura mata kwastoman a lokaci guda, in hana kowa taɓa jerin kai tsaye. Sannan ginshiƙin nan bai kamata ya karɓi NULL ba tun asali. Oda marar kwastoma mene ne amfaninta? Da ka sa masa NOT NULL, da tun ranar farko MySQL ya yi maka ihu, da ba ka kai ga rubuto tambaya ba.

Idan kuwa ginshiƙi ba ya cikin INSERT ɗin ma sam, abubuwan dubawa kaɗan ne: `@Transient`, ko kalmar `transient` ta Java, ko gurbin `static` ne, ko `insertable = false` da wani ya bari. Ɗaya da ke ɓoye sosai shi ne inda ka ɗora `@Id`. In a kan gurbi yake, Hibernate gurabe zai riƙa karantawa. In a kan `getId()` yake, ta hanyar getoci, wato ayyukan `get…()`, zai bi, alamomin da ka jera a kan gurabe kuma ya yi kamar bai gan su ba. Kar ka gauraya. Haka kuma in gurbin daga uwar kilas aka gado shi, kuma ita ba ta da `@MappedSuperclass` ko `@Entity`, ba za a ajiye shi ba.

Akwai wani da ba ka tambaya ba amma yana jiranka a gaba, ranar da ka zo gyaran bayanai. `save()` na Spring Data yana duba ko objek sabo ne. In sabo ne ya kira `persist`, in yana da `id` ya kira `merge`. A ce fom ɗin gyara suna kawai ya turo, kai kuma ka ƙera sabon Kwastoma, ka sa masa `id` da suna, ka ajiye. `merge` zai kwafe duk yanayin objek ɗin a kan na tebur, har da guraben da ke null. Lambar wayar da ke zaune lafiya tun bara ta tafi. Na taɓa yi wa wani aiki wannan ɓarnar, kuma ba ni na gano ba, masu amfani ne suka fara cewa duk wanda ya gyara sunansa adireshinsa na ɓacewa. Sai da muka koma ajiyar daren jiya muka tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Hanyar lafiya ita ce `findById` tukuna, ka canza abin da aka turo kawai, a cikin `@Transactional`. Ka kuma riƙa amfani da abin da `save()` ya dawo da shi, domin bayan `merge` shi ne Hibernate ke kula da shi, wanda ka miƙa masa ya zama marar gata. Duk abin da ka ƙara masa daga baya ba zai isa tebur ba.

Na ukun, inda log ya nuna an tura bayani amma tebur ya nuna wani abu dabam, ba kasafai ba ne. Duba ko akwai tiriga, wato umarnin da ke gudana da kansa in an taɓa tebur, da `SHOW TRIGGERS;`. Duba `SELECT @@sql_mode;` ka ga ko `STRICT_TRANS_TABLES` na nan. Daga MySQL 5.7 a kunne yake zuwa, amma akwai masu kashe shi don tsofaffin manhajoji su yi aiki, kuma in a kashe yake, rubutun da ya fi ƙarfin ginshiƙi datse shi za a yi, ranar da ba ta yiwu ba ta koma 0000-00-00, gargaɗi kawai za a bayar wanda ba wanda ke karantawa. Masu Oracle kuma su tuna cewa a can rubutu marar harafi ko ɗaya daidai yake da NULL. Kuma, kar ka yi dariya, tabbatar rumbun da kake leƙawa shi ne wanda manhajar ke rubutawa a ciki. Fayil ɗin saiti biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na gaske, sun ishe ka ruɗewa.

In ka gwada waɗannan wani ginshiƙin ya ƙi, turo abubuwa uku: jimlar INSERT ɗin tare da layukan da ke biye da ita masu nuna abin da aka ɗaura, sakamakon `SHOW CREATE TABLE` na teburan biyu, da kilas ɗin Oda gaba ɗayansa tun daga layukan `import`. Ka goge lambobin mutane na gaske kafin ka liƙa.