Idan ƙashi ya maƙale wa kare: abin yi kafin a kai ga likita

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, tun da karen ya tsira. Ka ce an watsa wa karen gadinku ragowar ƙasusuwan kaza, sai kuka ga yana ta kakari yana kai ƙafa baki, miyau na zuba, kowa ya yi cirko-cirko har Allah ya sa ya amayo abin da kansa. Kana tambaya in haka ta sake faruwa me mutum zai yi da hannunsa kafin a samu likitan dabbobi. Ni karnukan farauta nake kiwo, gadonsu na yi, kuma abin da zan gaya maka wani da idona na gan shi, wani kuma a bakin likitocin da ke duba mana karnuka na koya.

Kafin ka taɓa shi, tsaya ka duba ko iska na wucewa. Wurare uku ne abu ke maƙale wa kare: cikin baki, hanyar abinci, ko hanyar iska. Biyun farko suna da tayar da hankali amma suna ba ka lokaci. Na ukun ne ke kisa nan take. Karen da ke tari, yana kuka, ko yana iya haushi ko da a shaƙe ne, to iska na shiga, kuma tarin nan nasa ya fi duk abin da za ka yi masa ƙarfi. Ka bar shi ya yi, ka kori yara, ka nemi abin hawa. Wanda za ka ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru, ya miƙe wuya, haƙarƙari na ɗagawa amma babu sautin numfashi sai ɗan fito, idanu sun firfito. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi da harshe. In sun bar ja sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, to babu zancen jiran kowa, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci.

Sai dai akwai abin da nake roƙonka ka riƙe fiye da komai a cikin wannan amsa. A ƙasarmu ba kowane kare mai kamar ƙashi ya maƙale masa ne ƙashi ya maƙale wa ba. Ciwon haukar kare iri biyu ne. Kowa ya san mai bin mutane da cizo. Akwai kuma na shiru, wanda ke kashe jijiyoyin maƙogwaro da muƙamuƙi: baki ya saki ya ƙi rufuwa, miyau na dalala, karen ba ya iya haɗiya, murya ta canza, yana ta yi kamar zai kakaro wani abu. Duk wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne. Mai shi, don tausayi, sai ya zura hannu yana lalube, alhali ƙwayar cutar a cikin miyan take, ƙwarzane kaɗan a yatsa ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare suke ɗauka. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi.

To yaya za ka bambance? Shaƙewa farat ɗaya take zuwa: yanzun nan lafiyarsa lau, ka ga yana cin abu ko yana wasa da shi, sai ya birkice. Hauka kuwa a hankali take shigowa, kwana ɗaya ko biyu ka ga halinsa ya sauya, ya daina ci, yana ɓuya a lungu ko yana lasar mutane fiye da yadda ya saba, wataƙila ma a makonnin baya wani kare ya cije shi. In karen ba naka ba ne, ko ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ba, kuma ba ka ga lokacin da ya ɗauki abin ba, kada ka sa hannu a bakinsa. Ka kulle shi ka kira ma'aikatan dabbobi. Wannan ne ya sa nake matsa wa abokan farautarmu su yi allurar tun kwikwiyo na wata uku, su kuma sabunta duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin allurar rigakafin, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi na jihohi. Ranar da abu ya taso, takardar allurar nan ce za ta ba ka ƙwarin gwiwar buɗe masa baki.

Mu ɗauka karenka ne, yana da allura, ka kuma ga abin da ya ci. Nemi mutum na biyu ya riƙe shi ta baya, in ƙarami ne a naɗe shi da tsohon bargo ko buhu a bar kai waje. Kada a ɗaure masa baki. Ka sani karen da ke neman iska bai san ubangidansa ba, zai iya cizonka ba da nufi ba. Ɗora tafin hannu a kan hancinsa ta sama, ka danna leɓunan sama su lulluɓe haƙoransa ta bayan fiƙoƙi, yadda in ya yi yunƙurin datsewa nasa leɓen zai fara ji. Da ɗaya hannun ka ja muƙamuƙin ƙasa. A haska maka da tocilar waya. Kama harshen da ƙyalle ka jawo shi waje, don da hannu tsura sulɓewa yake yi, kuma sau da yawa jawo harshen kaɗai kan taso da abin. In ka gan shi ƙuru-ƙuru, sa filaya ko ka lanƙwasa yatsa ka biyo ta gefen kunci ka zaƙulo shi ta baya. In ba ka gani ba, kada ka yi lalube a makance, tura shi ciki za ka ƙara yi. A gindin harshe akwai wasu ƙananan ƙasusuwa nasa na halitta, wanda bai sani ba in ya taɓo su sai ya zaci ƙashin kaza ne ya kama ja.

Kar ka manta da duba sama, wato ganda. Wata rana muna dawowa daga daji wata karyata ta fara birgima tana dirzar fuska a ƙasa, tana yaƙushin bakinta har da jini. An buɗe baki an leƙa maƙogwaro ba a ga komai ba. Sai da aka kwantar da ita aka haska sama, sai ga guntun icce ya gitta tsakanin haƙoran taunan hagu da na dama, ya zauna daram a jikin ganda, launinsa ya saje da naman wurin. Da bakin cokali aka ɗan ɓamɓaro gefe ɗaya ya faɗo, ta miƙe ta girgije ta nufi kwanon ruwa. Irin wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma in ba a lura ba sai ya kwana biyu a wurin har bakin ya fara wari.

In abin ya wuce inda ido ke gani kuma iska ta yanke, sai a koma ga matsa ciki. Babban kare in yana tsaye, ka tsaya ta bayansa ka rungume cikinsa, ka dunƙule hannu ɗaya a wuri mai laushin nan da haƙarƙari ya ƙare, ka ɗora ɗayan a kai, ka fizgo sama da gaba, wajen ƙirjinsa, da ƙarfi kuma a gajarce, har sau 5. Iskar da ta rage a huhu ce kake so ta tunkuɗo abin. Sai ka duba baki. In bai fito ba, ɗaga ƙafafunsa na baya kamar mai tura baro, kai ya yi ƙasa, ka buga da gindin tafi tsakanin allunan kafaɗarsa sau 5, ka sake dubawa, ka koma matsa ciki. Ƙaramin kare ko kwikwiyo kuwa ɗaukarsa za ka yi, bayansa a jikin ƙirjinka, ka matsa wurin da yatsu biyu ko uku, ba da dunƙulen hannu ba. In ya riga ya kwanta ta gefe, tokare bayansa da hannu ɗaya ko gwiwa, ka tura cikin da ɗayan. Wannan matsawa tana iya ji masa ciwo a ciki, shi ya sa ba a yi wa karen da ke numfashi.

In ya suma, bakin ya saki, to ka samu damar zura hannu sosai. Idan abin mai santsi ne kuma kewayayye, irin ƙwallon wasan yara ko ƙwallon goruba, yatsa ba ya kama shi. Likitocin dabbobi suna da dabara a kan haka: a kwantar da karen rigingine, a miƙar da wuyansa, ka lalubo abin ta waje a saman maƙogwaro, ka sa manyan yatsunka biyu ta ƙarƙashinsa hagu da dama, ka turo shi wajen baki yayin da wani ya buɗe muƙamuƙin. In ya fito amma babu numfashi kuma ba ka jin bugun zuciya a bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, kwantar da shi ta gefe ka riƙa danna ƙirji da sauri, 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane 30 a rufe bakinsa a hura masa iska ta hanci sau 2 har ƙirji ya ɗaga. Hurawar nan ga kare mai allura kaɗai. In babu, ka tsaya a kan dannawa.

Na san akwai masu ƙyamar taɓa miyan kare, kuma ban raina damuwarsu ba. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma ko a wajen masu ganin akasin haka wanki ne maganin abin. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa yana cikin Buhari da Muslim. Dabbar da ke kwana tana gadinka ta cancanci a cece ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗura manja. Da zarar kare ya fara kakari sai wani ya ce a kawo manja ko ruwa, wai abin ya zame. Karen da ba ya iya haɗiya, duk abin da ka ɗura masa huhu zai tafi, ka ƙara masa wata cutar. Haka masu tura masa ƙatuwar lomar tuwo don ta danne ƙashin: in ƙashin mai tsini ne, huda hanyar abincin zai yi. In kuma ka ga zare, igiyar leda ko zaren ƙugiyar kamun kifi na leƙowa daga baki, kada ka ja. Yanke abin da ya yi tsawo, ka bar saura yadda likita zai gani.

Ko abin ya fito, ka kai shi a duba, musamman in an matsa masa ciki ko ya suma. Maƙogwaro kan kumbura daga baya. Wanda yake numfashi lafiya amma duk abin da ya ci sai ya dawo, yana ta haɗiyar wofi, to abin na hanyar abinci, wannan kuma ba aikin gida ba ne, sai an yi hoto an sa masa barci kafin a ciro. In asibitin kusa ba su da kayan, asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ake nufa. Kwana biyu na farko a ba shi abu mai laushi, kamar kunu mai sanyi ko tuwo da aka dama da romo. In ya cije ka ko haƙori ya ƙwarzane ka a wajen taimakon, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka je asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10.

Game da ƙashin kazar da ya jawo maganar, dafaffe ko gasasshen ƙashi shi ne mai tsagewa ya yi tsini, don haka a daina watsa masa. Tsinken tsire, totuwar masara, ƙwallon mangwaro da ledar da aka ƙunshe nama duk a kawar. Lokacin layya a fi sa ido, don ƙashin wuyan rago daidai maƙogwaron kare yake, kuma in karnuka sun fi ɗaya a raba musu wurin ci, saboda kishi ke sa su haɗiye abu ba tauna. Ka duba igiyarsa ma: kada a yi masa zarge a wuya, kada kuma a ɗaure shi kusa da katanga ko tarin bulo inda zai iya tsallakawa ya rataye. In ka taɓa tarar da shi a haka, ɗaga jikinsa sama tukuna nauyin ya bar wuyan, sannan a yanke igiyar.