Ku Tambayi Kawu: Nawa zan kashe a kan keken tsere na farko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni malamin sakandare ne a Birnin Kebbi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na rage hawa babur, kuma na daɗe ina sha'awar keken tsere, irin mai siririyar taya da kai mai lankwasa. Ina so in riƙa zuwa makaranta da shi, ranar Asabar kuma in miƙa hanyar Kalgo, in na saba har Jega. Na ɗauki adashi Naira 450,000. Wani abokina ya ce in ranto in ƙara in sayi na kabon, wato wanda aka ƙera jikinsa da zaren kabon maimakon ƙarfe, wai shi ne keke. Tsawona mita 1.72 ne. Nawa ya kamata in kashe? Daga wani mai karatu, unguwar Badariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ci bashi. Kuɗin adashin ma kada ka zuba su duka a jikin keken. Ka tsayar da Naira 300,000 a matsayin iyakar abin da za ka miƙa wa mai sayarwa, sauran 150,000 ka riƙe su don abubuwan da keken zai buƙata daga ranar da ya shigo gidanka. Mai sayen doki da lissafin harawa da dusa yake zuwa kasuwa.

Da wannan kuɗi sabo ba ya cikin lissafi. Sabon keken tsere mafi sauƙin farashi na kamfanoni irin su Giant da Trek yana kaiwa dala 800 zuwa 1,000 a ƙasashen waje, wato ya haura Naira miliyan ɗaya tun kafin a yi maganar dako da kwastan. Naka na hannu ne, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Babu abin kunya a nan, yawancin mu da irinsa muka fara, kuma a kansa muke har yau.

Maganar abokinka kuwa, gaskiya ne kabon ba shi da nauyi. Kekunan manyan gasa ana ƙera su dab da kilo 6.8, mafi ƙarancin nauyin da hukumar tseren keke ta duniya ta yarda da shi, na alminiyam kuma yakan yi kilo 10 ko 11. Amma sauƙin nauyi a hawan dutse yake nuna amfaninsa, hanyar Kalgo da Jega kuwa ba tsaunuka gare ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne kabon na hannu yana iya tsagewa daga ciki, fenti ya rufe, ido bai gani ba. In ya karye, babu mai walda a Kebbi ko Sakkwato da zai haɗa maka shi. Ka nemi na alminiyam, ko ma na ƙarfe in ka samu mai kyau.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne giya da taya, don a nan kuɗi ke zurarewa bayan saye. Giyar kamfanin Shimano hawa-hawa ce: Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 zuwa sama. Masu sayarwa za su kwaɗaita maka 105. Ni Claris ko Sora nake zaɓa wa mai farawa a garinmu. Sarƙar jeri 8 tana da kauri da araha, kuma iri ɗaya ce da ta kekunan giya da suka cika kasuwa, don haka mai gyara na bakin titi ya san ta. Ta jeri 11, wadda ake yawan samu a 105, siririya ce mai tsada, sai an aiko maka daga Kano ko Legas. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta haɗu da man sarƙa take cin ƙarfe da sauri. Birkin ma ka zaɓi mai kama rim da waya, ka bar mai aiki da mai.

Tayar keken tsere awonta 700c ne. Ta tsohon Raleigh ko Phoenix ba ta hawa rim ɗinsa ko da ka ga an rubuta inci 28, ta ƙananan kekunan giya masu inci 26 ma haka. Saboda haka ranar da ka sayi keken ka haɗa da tib biyu ko uku da taya guda ta ajiya. Ka duba ko firam ɗin zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28. Mai 23 tana da kyan gani, sai dai ramin kwalta da yashin gefen titi da ƙayar tsidau ba su raga mata. Bakin tib ɗinsa siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi, iskar da yake sha kuma ta ninka ta tayar mota. Famfo naka na kanka dole ne.

Sauran kuɗin su tafi ga hular kwano, fitilar gaba da ta baya, kwaɗo mai ƙarfi, kayan faci da gorar ruwa biyu. Hular ba abin jinkirtawa ba ce. Hanyar Jega ta manyan motoci ce, ga 'yan kabu-kabu, kuma a watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, don haka fitarka da asuba za ta kasance, lokacin da direba ba ya hango ka sai da fitila. Takalmi mai maƙalewa a feda da rigunan tsere duk su jira.

Da tsawonka, firam mai santimita 52 zuwa 54 ne zai dace da kai. Na ga samari da dama sun sayi keken da ya fi ƙarfinsu don kawai ya yi araha, ciwon wuya da na baya suka sa aka jingine shi a zaure. Kada ka tura kuɗi don ka ga hoto a Facebook ko WhatsApp. Ka je ka hau. Ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi, ya duba wuraren walda ko akwai tsaga, ya juya ƙafafun ya ga ko suna rawa, ya latsa hannun birki ya canza giya daga farko har ƙarshe. Hannayen nan biyu su ne birki su ne giya, kuma suna cikin abin da ya fi tsada a jikin keken. In ɗaya ya mutu, ka bar keken ko da an rage maka kuɗi.

Farashi yana bin dala, yau sama gobe ƙasa. In ka zagaya ba ka samu mai kyau a 300,000 ba, ka ajiye kuɗin ka ƙara albashin wata biyu a kai, ka sake fita. Ranar farko kuma iyakarka Kalgo ka juyo, Jega sai ƙafa ta saba. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya.